Malamar da Ta Yi Ta Kashe Edita

Kafin a fara rububin littattafanta, Malama mai buga takardu ce a wani kamfanin ɗab'i, teburinta a jikin ƙofar banɗaki. A nan ta rubuta labarinta na farko, ta miƙa wa editan kamfanin. Shi kuwa ya tara ma'aikata, ya maƙale murya irin ta mata, ya karanta musu suna ta sheƙa dariya.

"'Yammata, ki tsaya ga buga na mutane," in ji shi, yana sosa kunne da makullin mota.

Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye aikin, ta ƙullace shi a ranta. Da littafinta na farko ya fito, mugun da ke ciki mai sosa kunne ne da makulli, kuma a rijiya ya ƙare. A na biyu mahaukacin kare ya cije shi. Duk wanda ya san Edita ya gane shi, amma shi ya ce bai da lokacin karanta shirme. Wannan ya fi komai ci mata rai.

Da shekaru suka ja, ta buɗe ajin koyar da rubutu a saman wani shagon ɗinki. Rannan wata budurwa ta zo shiga ajin. Malama ta dubi goshin nan da hancin nan, ta san 'yar Edita ce.

Ba ta wulaƙanta ta ba. Ta ja ta a jiki, ta koya mata duk abin da ta sani. Sai dai kullum labarin aljanu yarinyar ke kawowa.

"Bar aljanu, 'yata. Wa kike tsoro a gidanku?"

"Baba."

"To, shi za ki rubuta. Kar ki rage komai."

Littafin ya fito, labarin uban da ke sa wa firji kwaɗo, yake kiran matarsa jaka a gaban baƙi. Ya karɓu ƙwarai. Wannan kam Edita ya karanta. Ya hawo benen yana haki, duk ya tsufa.

"Kin raba ni da 'yata."

"Ni waƙafi kawai na gyara mata, ranka ya daɗe."

Ya juya ya sauka yana dafa bango. Yayar Malama, da ta zo ziyara ta ga komai, ta ce, "Haba, ai ya isa haka. An ce mutumin ko ƙofar gida ba ya iya zama."

Malama ta gyara zaman tabarau.

"Ya isa? Yaya, ƙanin yarinyar ma ya ce yana son ajin. Na ajiye masa kujera a layin gaba."