Ranar da Likita Ta Fitar da Ni Waje

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma kallona ido cikin ido. "Wannan" take ce mini, har yau da na yi furfura. Kunya ce irin ta iyayenmu, a haka na taso na same ta, ban taɓa sa abin a raina ba.

Da yanar ido ta fara rufe mata gani, ni na ɗauko ta daga Gafasa zuwa asibiti a Gaya. Likitar ido, wata yarinya da ko ƙanwata ba ta kai ba, ta gama haske-haskenta, ta juyo da kujera ta fuskanci Inna. Ta ce hanya biyu ce. Ko a yi aiki yanzu, amma sai ta yi makonni ba sunkuyo, ba hayaƙin murhu, kuma da mai jinya a kusa; ko a ba ta tabarau a lallaɓa zuwa bayan kaka. Ta faɗi daɗin kowanne da wahalarsa, sannan ta tambayi Inna wanne ya fi kwanta mata.

Kafin Inna ta motsa baki na cafe. Da Turanci ma, tsabar iyayi. Na ce a bari sai bayan kaka, ai tana gani daidai gwargwado. Gaskiyar magana, jarrabawa ce ta matso a makarantar da nake koyarwa a Ajingi, gyaɗata kuma ta isa cira, ba na son jinya ta ɗaure ni.

Likitar ta maimaita tambayar da Hausa. Inna ta sunkuyar da kai, ta ce duk abin da wannan ya ce shi ke nan. Sai likitar ta dube ta, ta dube ni.

"Malam, kai ne na fari?"

Na ce ƙwarai, har da gyara hula.

"To, ɗan ba mu wuri."

Na fito ina huci, wai ni za a kora kamar ɗan aji ɗaya. Na zauna a benci, ashe ƙarƙashin tagar ɗakin ne. Ya kamata in tashi, ban tashi ba. Na ji Inna ta saki baki tana ta zuba, irin yadda ban taɓa jin ta yi a gabana ba. Can ta rage murya.

"'Yar nan, in da hali a yi yanzu. Ni da ma satar kallonsa nake in ya juya. Shekara biyu ke nan ko satar ba na iyawa, da tarinsa nake gane shi."

Shekara biyu. Duk Juma'a ina durƙusawa a ƙofar ɗakinta in gaishe ta, wallahi ban lura ba, don da ma ba kallona take ba. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina.

Da aka kira ni, likitar ba ta ce mini komai ba sai cewa Inna ta zaɓi aiki, wa zai yi jinya? Na ce ni ne, wannan karon da Hausa. A mota har muka isa Gafasa, ni ne na kasa ɗaga ido in kalle ta.