Ranar da Aka Yi Kukan Mutuwata a Damagaram

Cikin abubuwan da suka same ni tun da na ajiye aikin koyarwa na zauna a Tamanrasset, akwai guda ɗaya wanda ko mantuwar tsufa ba ta isa ta raba ni da shi ba.

Ɗan ƙanena, wanda nake zaune a gidansa, ya daidaita da wata malamar asibiti a Damagaram. Mahaifinsa ya rasu, saboda haka neman auren ya hau kaina. Uban yarinyar, wanda tsohon ɗalibina ne, ya aiko cewa dangi za su taru ranar Juma'a, kuma idan ba su ga babba ya yi magana ba, za su ɗauka wasa ne, su saurari wasu manema. Gwiwoyina ba za su iya hanyar Agadas ba, sai aka ce in yi bidiyo.

Ni kuwa a lekkol, wato makarantar ƴan mishan, aka hore ni, inda ɗigon tawada ɗaya yakan sa a yage shafi a sake. Na rubuta jawabi shafi tara. Na sa farar babbar riga mai aiki, na sa aka kai ni wani lambu a Outoul, domin kada surukai su zaci a kan dutse muke kwana. Ina tsaye ƙarƙashin dabino, iska tana kaɗa ganye, na yi magana ta minti talatin da huɗu.

Bidiyon ya ƙi tafiya. Kwana biyu muna kallon wata da'ira tana juyawa a fuskar waya. Ranar Laraba muka je unguwar Gataa El Oued wurin wani Bakatsine mai gyaran waya, magidanci mai yawan dariya, halin da ban cika so ba.

"Baba, wannan ai fim ka yi," in ji shi. "Sai an matse shi."

Ya matse, ya nuna mini. Aikin rigata ya koma kamar kunun da ya zube, fuskata kuma ba a bambanta hanci da kumatu.

"Wannan ba ni ba ne," na ce.

"To, a yanke gaisuwar. Minti goma sha ɗaya fa kana gaisuwa, Baba."

"A garinku haka ake neman aure? A faɗa wa mutane gida babu sallama?"

Na umarce shi ya raba bidiyon uku, kada ya rage ko ƙwayar zarra. Ya ce netwok ɗin nan ba shi da amana. Na ce masa ba shawara na zo nema ba. Kashi na farko ya tafi da la'asar, sauran biyun suka maƙale.

Yanzu mai karatu ya auna abin da mutanen Damagaram suka gani: tsoho cikin fararen kaya, fuska babu walwala, yana kiran kowa da sunansa, har ya zo inda na rubuta, don ladabi kawai, cewa idan na taɓa saɓa wa wani a yafe mini. Nan hoton ya yanke.

Ba a jima ba wayar ɗan ƙanena ta yi ƙara. Uban yarinyar ne, mata suna kuka a bayansa.

"Malam yana da sauran numfashi? Ka gaya masa mun yafe. Har bulalar da ya yi mini a kan jadawalin bakwai, na yafe."

Na karɓi wayar. "Lafiyata lau. Kuma bulalar nan ka cancance ta."

Sai ya ce, "To Malam, a aiko sauran. Kawunnanta sun riga sun fara neman motar zuwa ta'aziyya."

Da safiyar Alhamis na koma wurin Bakatsinen, ba tare da na ɗaga murya ba. Ya bayyana mini cewa kowane ganye mai motsi da kowane zaren riga yana cin wuri, shi ya sa in aka matse bidiyon, fuska take rasa rabonta. Ya zaunar da ni jikin farin bango cikin riga marar ado, ya kafa wayar ta yadda hasken ƙofa zai haska fuskata, ya hana ni kaɗa hannu. Ni kuma na ɗauki jan alƙalamina na mayar da shafi tara ɗaya. Ban taɓa gyara takardar da ta yi mini ciwo kamar wannan ba. Ya rage girman hoton daidai fuskar waya, muryar kuwa bai taɓa ta ba. Kafin mu gama kofin shayi saƙon ya isa, minti uku cif, fuskata tar, kowace kalma a fili.

Ranar Juma'a aka ba mu yarinyar.

Abin da na koya, bayan shekarun da na yi ina koya wa wasu, shi ne wanda ya ƙi zaɓen abin da zai bari da hannunsa, hanya ce za ta zaɓar masa, kuma ba ta duba mai muhimmanci.