Layuka Uku na Ƙasan Takarda

Ina da shekara arba'in da ɗaya na koyi karatun boko, a falon maƙwabciyata a Pantai Dalam. Karatu ne ya kawo mazajenmu Kuala Lumpur. Ita malamar firamare ce can ƙasarmu. Na girme ta nesa ba kusa ba, Yaya take ce mini, amma in na yi kuskure sai ta buga biro a tebur kamar ta samu 'yar aji ɗaya.

Ita ta matsa muka shiga tafiyar hawan dutse da matan unguwa suka shirya zuwa jihar Sabah. Na ce ni ban yi ajiya a kan dutse ba.

"Haba Yaya, shekara huɗu daga kicin sai kasuwa. Ko gajimare kya taɓa."

Tun safe muke hawa, sai bayan la'asar muka isa gidan katakon da ake kwana kafin a ƙarasa ƙololuwa. Gajimaren kuwa ga shi can ƙasa da mu. Sanyi har cikin haƙori. Malamata ta faɗa gado da takalminta tana tari, ta ce kanta kamar ana daka a ciki.

"Ɗalibata," ta ce, ido a rufe, "na ga takarda a bango kusa da ƙofa. Je ki karanto mini."

Na je. Layukan sama na karanta su tsaf: ciwon kai da haki ba abin tsoro ba ne a wannan tsawo, a sha ruwa, a huta. Sai layuka uku na ƙasa, da jan rubutu, kalmominsu dogaye. Na sa yatsa ina haɗa baƙi, suka ƙi haɗuwa. Ga mutane zaune suna shan shayi, duk wanda na tambaya zai gaya mini. Ban tambaya ba. Ban so a ga ƙatuwar mace tana bin rubutu da yatsa, kuma ban so in ce wa malamata na kasa.

Na koma na ce, "Ba komai. Ki sha ruwa ki huta."

"Duka kika karanta?"

"Duka mana. Raki ne kawai irin naki."

Ta fara dariya, tari ya katse ta. "Goma bisa goma," ta ce.

Da jagoranmu ya leƙo duba mutane, ni na tare shi a ƙofa na ce gajiya ce kawai.

Gari ya waye leɓɓanta sun yi shuɗi, ƙirjinta yana ƙara kamar tukunya a wuta. Ana shirin ɗaukar ta na ja wata 'yar Malay zuwa bangon nan ta karanta mini. Wai in tari ya haɗu da numfashi mai ƙara, a sauko da mutum nan take, kada ya kwana. Maza huɗu suka sauko da ita. Kwananta biyu a asibiti Allah ya yi mata rasuwa.

Bayan sadakar bakwai mijinta ya kawo mini littattafanta a kwali, ya ce kullum tana yabon ƙoƙarina. Nan bakin ƙofa na gaya masa komai, ban rage ba. Ya daɗe yana kallon kwalin.

"Kwananta ne ya ƙare, Yaya," ya ce.

Na san wannan. Ya ajiye kwalin ya tafi. Wata biyar ya ƙara yi a benen da muke zaune kafin ya koma ƙasarmu da yaransu. In muka haɗu a bakin lif, na'urar hawa bene, yakan gaishe ni, sannan ya bi matakala.