Farantin da Na Ara wa Inna

Akwai wata ranar Alhamis a tsohon wurin aikina, nan cikin Bauchi, da ba na jin za ta bar raina har in koma ga Allah. Kuma wai duk a kan mitfai, fulawar nan da ake cusa wa nama a gasa.

Ogammu ne ya gaji da ƙorafinmu kan busasshen cincin ɗin da ake raba mana a taro. Sai ya ce a yi gasa: duk ma'aikacin da ya iya, ya gasa mitfai ya kawo. Wanda ya ci, shi za a riƙa ba aikin kayan maƙulashen taro har shekara guda. Ni kuwa lokacin ina ji da kaina, ba ƙarya. Ina da abin gashi na gas, na sha cika baki a ofis, har ni aka ɗora wa tsara gasar. Tun Laraba na shiga kasuwar Muda Lawal na haɗo fulawa da bota da nama, har da sabon faranti.

Da safe sai ga Inna, dattijuwar da ke mana shara, wadda kullum daga Zungur take shigowa da motar farko. Mijinta ya rasu, jikoki uku na hannunta. Ta kwance ƙullin zane, sai ga mitfai jere cikin tsohuwar samira duk ta ɓare a baki. Ashe ta koya tun tana aikatau, kuma a tukunya take gasawa, yashi a ƙasa, garwashi a kan murfi.

Na ce, “Haba Inna, a wannan kwanon za ki kai gaban Oga?” Na miƙa mata tsohon farantina mai bakin zinariya, wanda kowa ya sani, don a ciki nake kawo naman sallah ofis duk shekara. A raina taimako na yi, har ina jin daɗin kaina.

Babu suna a kan faranti, lamba ce kawai, takardar sunayen kuma tana jakata. Nawa bakwai, na Inna huɗu. Alƙalai uku suka bi layi suna ɗanɗanawa. Da suka zo huɗu, Oga ya cinye ɗaya ya ƙara na biyu, sannan ya ce magana ta ƙare. Kafin in buɗe jaka wani abokin aikinmu ya ɗaga murya, “Kai! Ai farantin Hajiya ne wannan!” Ɗaki ya ɗauki tafi. Ba wanda ya nemi takarda.

Na waiga. Inna na tsaye bakin ƙofa, ita ma tafi take. Ta matso ta ce, “Barka, Hajiya. Allah Ya sanya alheri.” Ni kuma, don rashin kunya, na ce amin. Ba aikin nake buƙata ba, wallahi, albashina ya ishe ni. Tafin ne ya yi mini daɗi, na kasa sakinsa. Har yau in na tuna amin ɗin nan sai in ji kunya ta rufe ni.

Washegari ta kawo mini farantin a wanke tas, ta ajiye a kan tebur. Na kasa haɗa ido da ita. Na ce, “Inna, me ya hana ki magana jiya?”

Ta ce, “Haba 'yar nan, ana yi miki tafi in tashi in kunyata ki a gaban mutane? Ke fa kika ara mini faranti.” Ta juya za ta fita, sai ta ƙara da cewa, kamar da kanta take, “Yaran ne dai, tun asuba suke taya ni hura wuta. Na ce musu wani ya fi mu iyawa.”

Na ɗauki takardar na shiga wurin Oga, na faɗa masa komai. Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, “Jiya ina bakinki yake?” Ranar Litinin na tsaya gaban kowa na maimaita, aka ba Inna aikinta. Tsiya kam na sha ta, wata guda ana tambayata ko ina da farantin aro. A samirarta ta ci gaba da kawowa, ba wanda ya ƙara ganin ɓarewar bakin.

Da can ina ɗauka sai ka miƙa hannu ka ɗauki abin mutum ne ka zalunce shi. Ranar na gane shiru ma yana cin haƙƙi, musamman haƙƙin mai kawaici, wanda ka tabbata ba zai tona ka ba. Inna ta yi shiru don ta rufa mini asiri, ni kuma na yi shiru na ci nata.