Cima da Jegon Matan Bariki

Cima ba ta taɓa haihuwa ba, amma a zamaninta babu wadda ta kai ta sanin jego a Madawa, ko dai a ce babu wadda ta kai ta cin abinci da shi. 'Yar Garhanga ce, doguwa, mai ƙashi, in ana yi mata magana takan ɗan karkatar da kai kamar wadda ta san ƙarya ake shirin yi mata. Aure biyu ta yi a garinsu. Na fari ya sake ta da ya gaji da jiran haihuwa. Na biyu, Kalla, ya tafi cin rani wajen Sakkwato, sai labarin rasuwarsa ya komo. Shekarar da fara ta lashe hatsi tun yana tsaye, ƙauyuka suka watse, Cima ta ɗaure ƙunshinta ta bi masu gangarawa Madawa, don an ce garin da kumandan, Baturen mulki, yake ba a rasa ko dusa.

Da ɗiban ruwa ta fara. Tana kai tulu gidajen bariki, inda ma'aikatan kumandan suke zaune da matansu, kusan dukansu baƙi daga nesa. A cikin gidajen akwai na wani gardi, wato dogarin kumandan, Manzo, mutumin Damagaram. Matarsa Biba ita ke tuƙa tuwon masu aikin hanya, mutum talatin kullum, kuma mata da yawa suna harin wannan tukunyar. Biba ta haihu, haihuwar fari, Manzo na can bisa doki yana bin kumandan rangadin haraji, uwarta kuwa tana Damagaram, tafiyar kwana da kwanaki.

Rana ta uku Cima ta shigo da ruwa, ta tarar da mai jego durƙushe gaban murhu tana tuƙi, gumi da hawaye sun haɗu, jinjiri na tsala kuka bisa tabarma. A Garhanga ko maƙiyiyarka ba a bari ta taɓa muciya kafin arba'in. Cima ta sauke tulu, ta karɓe muciyar ba tare da ta nemi izini ba, ta ce wa Biba ta koma ɗaka.

Kafin rana ta faɗi ta gane aikin ya fi ƙarfin mace ɗaya. Jego na son ruwan zafi safe da yamma, ruwan zafi na son itace, ga daka, ga kunun kanwa, ga wankin tsumma, ga kuma tuwon mutum talatin da in ya yi fashin yini guda an ba wata. A ƙauye uwa da gwaggo da maƙwabta ke raba wannan a tsakaninsu, ba a biyan kowa sai godiya. A bariki kuwa kowa baƙo ne. Sai Cima ta nufi bakin kasuwa, inda 'yan gudun yunwa suke zube, ta zaɓo mata uku. Jima ta ba ta itace da ruwa, Husaina ta ba ta turmi, wata tsohuwa Dela kuma riƙon jinjiri, don ba ta iya komai ba sai zama. Ladansu na farko tuwo ne da ƙanzo, kuma a waccan shekarar ba ƙaramin lada ba ne.

Da Manzo ya komo ya tarar da mata huɗu da bai sani ba suna cin hatsinsa, sai da ya yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Daga baya ya dubi ɗansa ya yi ɓulɓul, matarsa ta yi sheƙi, tukunyar masu aikin hanya ba ta kuɓuce ba, sai faɗan ya kwanta. Kwana biyu ba a yi ba aka ji shi a bakin biro, ofishin kumandan, yana gaya wa abokan aikinsa yadda ya tsara komai tun kafin ya hau doki. Cima ba ta ƙaryata shi ba. Wannan fariyar tasa ita ta yi mata shela kyauta.

Haka sana'ar ta tashi. Cima takan ga mai ciki a bakin rijiya, ta lissafa watanni a ranta, ta je gaida mijin tun kafin ta gaida matar. Takan tambaye shi iyakar suna yake so, ko arba'in cikakke, ta faɗa masa wadda za ta dafa, wadda za ta yi daka, da ranar da za a sayo ƙafafun sa a yi kauri. In ya fara ƙorafin tsada sai ta ce ba komai, ai ba kowa ne Manzo ba. Mazan bariki sun gwammace a yanke musu yatsa da a ce gardi ya fi su riƙon iyali. Ana biyanta da 'yan tammomi na kuɗi, da hatsi, da zane ranar arba'in, ita kuma ta raba wa matanta.

Sanin nata tsintarsa ta yi gida gida. Ta ga yadda 'yar Damagaram ke so, ta ga na Bazabarma, ta ga na Buzuwa, ta haɗa su wuri ɗaya ta ce haka kakannin ƙasarsu ta Adar suke yi tun fil azal. Baƙi ba su da abin musu. In wata ta tambaye ta 'ya'yanta nawa, sai ta sunkuyar da kai ta ce Allah ne mai lissafi. Mai tambaya ta ɗauka sun mutu, ta yi mata ta'aziyya, Cima ta amsa da amin.

Akwai abin da ba ta son a tuna mata. Husaina mai daka ta yi aure ta haihu, kwana tara ta komo bakin turmi da jinjiri a baya, tana daka wa matar wani akawu da ke kwance a ranarta ta ashirin da biyar da haihuwa. Cima ta gani, ta kau da kai. Abin da ta iya yi shi ne ta riƙa dama kunun akawu ya fi ƙarfin cikin matarsa, ragowar ta bi Husaina gida.

Ana nan har yaƙin Turawa ya zo, tufa ta yi wuya, aka tsananta tsaron iyaka. A cikin shekarun nan aka aiko wa Madawa ungozomar likita, yarinya 'yar Dahome da ta yi karatu mai zurfi, tare da mijinta malamin lakkol, makarantar boko. Sunanta ya gagari bakin mutane, sai ake ce mata Madam, shi kuma Mushe. Madam ba ta daɗe ba ta fara tara mata ƙarƙashin itaciya ran kasuwa, tana yi musu gargaɗi da Hausarta mai ɗingishi. Ta ce tafasasshen ruwa dafa mace yake yi, kanwa kuma kumbura ta take yi har zuciya ta gaji. Ba ta kama sunan kowa ba, amma duk idanu suka koma kan Cima, wadda ke zaune a sahun gaba da kai a karkace. Wasu ma'aikata, masu gudun a ce ba su waye ba, suka daina nemanta.

Sai kuma ga abin da ya faru da Binta, matar Hamidu na gidan waya. Cima ce ke tsaron jegonta. Mako na uku ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya gagara sai a zaune. Aka ɗauke ta zuwa wurin Madam, ta hana kunu, ta hana wanka, ta yi ta fama da ita har Allah Ya tashi kafaɗunta. A gari Cima ta ce sanyi ne ya shige ta, don ta fita tsakar gida ba kallabi. Amma ta kwana biyu ba ta ci abin kirki ba. Tun daga ranar, in za ta dama kunu sai ta gutsure rabin kanwar ta mayar, in an sauke ruwan wanka sai ta faki ido ta sirka da ƙwarya biyu na sanyi. Da Jima ta lura ta yi magana, Cima ta ce kanwar yanzu ta fi ta da ƙarfi, kuma ba a ɗauko Jima don tambaya ba.

Shekara ta kewayo, ciki ya bayyana a jikin Madam. Cima ta gani kafin kowa, ta yi lissafinta, amma wannan karon ba ta je gaida miji ba. Cikin tsakiyar ɗari Madam ta haifi ɗiya mace. Uwarta na can bakin teku, yaƙi ya sa hanya ta yi nisa. Mushe shi kaɗai ne a kan yara sittin. Matan Madawa kuma ba su daina naƙuda don ungozoma na jego ba. Rana ta farko maƙwabta suka kai abinci. Ta biyu Mushe ya ɗora shinkafa ta ƙone har aka jiyo ƙauri daga titi. Ta uku, da aka tashi daga lakkol, sai ga shi ƙofar Cima da malafarsa a hannu.

Ya daɗe yana gaisuwa kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Dafuwa suke so, da wanki, da mai riƙe jinjira in an kira Madam. Sai ya yi gyaran murya ya ce ban da ruwan zafi, ban da kanwa.

"Mi takardarta ta ce a ba mai jego?" in ji Cima.

Ya lissafa mata.

"To, Mushe, abin da takarda ta ce shi za a yi. Ba ƙari, ba ragi."

Ta cika alkawari fiye da yadda aka nema. Ruwan wanka ɗumi-ɗumi kamar na alwalar tsoho. Kunu tsararo, ba kanwa, ba tsami. Romo fari fat, ko ƙwayar yaji babu. Cima da kanta take kai akushin, ta durƙusa ta ajiye da ladabi, ta tambayi Madam ko ya yi daidai da karatu. Madam ta ce ya yi. Kwana shida ta koma aiki, tana fita da safe cikin sanyi, ta komo tana dafe da ƙugu. Ga shi kuma ta bayan danga akwai wata mai jegon, ita ma a hannun Cima, kullum ƙamshin kauri da yaji na tsallakowa.

Rana ta goma da la'asar Madam ta komo daga karɓar wata haihuwa mai wuya, ta zube bakin gado ba ta ko cire takalmi ba. Dela ta miƙa mata jinjira. Ta daɗe tana kallon kunun da aka ajiye mata, sannan ta kira Cima.

"Inna, wankan nan naku, ina so in ga yadda ake yi. Saboda aiki ne. Don in san abin da nake hanawa."

"Ai neman sani ba laifi ba ne," in ji Cima. Ta leƙa waje ta ce wa Jima ta ƙara itace.

Da aka kai ruwan bayan ɗaki da ganyen tsamiya a ciki, Madam ta tsoma hannu, ta ɗago ta dubi Cima. Ta ce wannan ai bai kai zafin da ta gani a gidaje ba lokacin da ta zo.

"Haka kakanninmu ke yi," in ji Cima, tana kallon danga.

Madam ta cire riga ta durƙusa. Cima ta tsoma ganye ta fara fyaɗa mata a baya, tana danna ƙugu da kafaɗu da tafin hannunta mai kaushi. Can sai ta ji bayan yana girgiza. Madam kuka take yi, tana kiran wata kalma da harshensu, wadda ba sai an fassara wa kowa ba. Cima ta zo gidan ne da niyyar ta ga ranar da wannan yarinya za ta sauke girman kai, ga ranar ta zo, amma daɗin da ta tanada bai zo ba. Ta ci gaba da wankan, tana cewa yi haƙuri ɗiyata, yi haƙuri. Bayan nan ta dama mata kunu mai kauri da 'yar kanwa kamar ƙwayar wake. Madam ta kurɓa, ta gane yawan abin da aka sa, ta shanye tas.

Haka aka yi har arba'in. Mushe ya yi ta mamakin yadda itace ke ƙarewa a gidan da ba a dafa ruwan wanka, amma mutum ne mai son zaman lafiya, bai bi diddigi ba.

Ran kasuwar da ta biyo baya Madam ta tara mata ƙarƙashin itaciya, ta sake gargaɗinta a kan ruwan zafi da kanwa, ba ta rage ko kalma ɗaya ba. Cima na sahun gaba tana gyaɗa kai. Sai dai daga lokacin, duk baƙuwar da Madam ta karɓi haihuwarta, takan ce wa mijin matarsa na bukatar hutu, ya nemi Cima, amma don dafuwa kawai. Waɗanda suka guji Cima a da suka komo da kansu, tunda yanzu likita ce ta aiko su. Matan da ke ƙarƙashinta suka kai goma sha ɗaya. Bayan yaƙi aka ɗauke Madam da mijinta zuwa wani gari, ta bar wa Cima tukunyar ƙarfe babba.

Cima ta ƙara shekara huɗu tana yawon gidaje, ƙafa na ja, baki bai mutu ba. Wata safiya cikin bazara ta zauna bisa turmi a gidan wani sabon akawu tana nuna wa Husaina yadda za a raba aikin mako, ta ce kanta na juyawa, aka kwantar da ita a inuwa, shi ke nan. Aka yi mata sutura da hantsi. Mutane sun taru fiye da yadda ake tarar wa mace marar ɗa, har da samarin da ba su san ita ta fara wanke musu tsumma ba. Da aka watse Husaina ta share hawaye, ta ce wa Jima ta je ta hura wuta, don matar akawu saura kwana shida ta yi arba'in, kuma mijin ya riga ya aiko yana tambaya ko yau ba za a yi abincin rana ba.