Koren Gilashin Inna Karimatu

Duk wanda ya je suna ko biki a unguwar mahauta ta Garuwa cikin shekaru ashirin ɗin nan, to ya ci abinci a tasar Inna Karimatu, ko ya sani ko bai sani ba. Ba mai kuɗi ba ce. Kilishi take sayarwa, mijinta Muntaka mahauci ne har Allah ya karɓi abinsa. Amma inda sauran mata suke jera samiru masu fure a kabad, ita gilashi take jerawa: tasoshi masu murfi, farantai masu ƙafa, kofuna masu zanen inabi, yawancinsu kore shar.

Abin ya samo asali ne a garin Kaélé a 1984, lokacin da Muntaka yake sayen shanu a can. Wata tsohuwar Ba'amurkiya ta mishan da ke sayen kilishinta za ta koma gida, sai ta ba ta koren kofi guda, ta ce na kakarta ne. Shi ke nan, cuta ta kama Karimatu. Da ta ji Bature na haɗa kaya, ta isa ƙofarsa kafin 'yan gwanjo. Ta taɓa shiga mota har Ngaundere saboda murfi ɗaya. Tana da hanyar gane na ƙwarai: ta bi gefensa da yatsa, in ta ji siririn layin da aka haɗa shi, ga nauyi a hannu, to irin nata ne. Muntaka kan ce ya auri mace ya samu shagon tangaran.

Ba ta taɓa karɓar ko sisi a kan aro ba. Sharaɗinta ɗaya, a dawo mata da su da dauɗarsu, ita za ta wanke abinta. Ladanta shi ne ta ji baƙi suna tambayar daga ina waɗannan, a ce daga gidan Karimatu. Gaskiya ita ce ba gilashin kaɗai take so ba. Mutane su ci daga hannunta da daɗin rai, nan mutuncinta yake, kuma ta san haka.

Wata Asabar a 2011, da hantsi, mata biyar suka kawo kayan da suka ara na suna. Suna zaune a ɗakinta sai ga ɗanta Youssouf, wanda ya gaji teburin ubansa a kasuwa, ɗauke da kwali. Fitilar kashe ƙuda ce ya sayo daga Duwala, mai shuɗin haske, yana so ya gwada kafin ya kai rumfa. Ɗakin Inna ne mai wutar lantarki, kuma labulenta a sake yake kullum don kada rana ta ci kayanta. Ya jona.

Kabad ɗin ya kama da haske. Ba hasken fitilar ba, wani kore ne mai rai yake fitowa daga cikin gilashin kansa, tasa bayan tasa, kamar idon mage. Har kofin da ke hannun wata baƙuwa. Matar ta ajiye shi a ƙasa a hankali, ta goge hannunta da zani. Babu wanda ya yi ihu. Salati kawai aka shiga yi ƙasa-ƙasa, ana neman takalma.

Karimatu ta kasa tashi. Shekara ashirin da bakwai tana wanke su da hannunta, tana ganin ta san kowane tsagi a jikinsu, ashe akwai abin da ba su taɓa nuna mata ba. Tsoro ya kama ta, sannan kunya.

Kafin la'asar unguwa ta gama yanke hukunci: aljanu take kiwo a kabad. Youssouf ya ga abin zai ɓaci, ya hau moto, wato babur, ya ɗauko Malam Célestin, mai koyar da kimiyya a lise, makarantar sakandare, wanda yake sayen nama a wurinsa. Malamin ya duba, ya yi dariya, ya tsaya a tsakar gida gaban jama'a.

"Mama, ki kwantar da hankalinki, babu aljani a nan," in ji shi. "A da can a Amurka sukan zuba wani sinadari kaɗan a gilashi don ya yi kore. Uranium sunansa."

Wani dattijo da ya yi zaman Nijar ya ɗaga kai. "Wanda ake haƙowa a yi bam da shi?"

"Shi ne, Baba, amma ɗan mitsitsi ne, ba ya..."

Ragowar maganar ta tafi a iska. Malam Célestin ya yi ta bayani, har ya sa aka zuba masa ruwa a koren kofi ya shanye a gabansu. Aka ce mutumin da yake wuni cikin sinadarai me kuma zai same shi. Wallahi gara aljanun, don su ana iya yi musu addu'a.

Daga nan kowa ya tuna ciwonsa. Mai ɓari ta tuna ta sha folere, wato zoɓo, a kofin Karimatu. Mai tari ya tuna walimar bara. Wata ta ce ai Muntaka ma a kofin nan yake shan shayi kullum, kuma ga inda yake. Maganar nan ta iso kunnen Karimatu, ta kwana biyu ba ta ci abinci ba. Aka yi suna uku a unguwa, babu wanda ya aiko aro.

Mutum ɗaya ce ta tsaya mata: Luba, ƙawarta tun suna amare. Luba ta bi gida-gida tana faɗa, tana cewa 'ya'yanta bakwai a gilashin nan suka girma, ga su garau. Karimatu da ta ji labari sai da ta yi kuka.

Ranar Juma'a Luba ta zo da kanta. Suka gaisa, jam na, jam. Karimatu ta yi ta rawar jiki, ta dama folere mai sanyi da citta, ta ɗauko kofuna biyu mafiya kyau ta wanke sau biyu.

"Ke kaɗai kika rage mini, Luba," ta ce. "Allah ya saka."

"Haba Karima, rabu da jahilai. Ni na san ki."

Karimatu ta ɗaga tulun za ta zuba. Luba ta ce ta ɗan dakata, ta buɗe jakarta tana ci gaba da zagin mutanen unguwa, ta fito da kofin roba ta miƙo.

"Zuba mini a nan kawai, kada in sa ki wanke-wanke."

Karimatu ta dubi kofin, sabo ne, takardar shago ma ba a cire ba. Ta zuba mata har ya cika.