Nalongo da Yatsun Nakato

Shekara talatin Nalongo tana sayar da matoke, wato ayabar dafawa, a kasuwar Nyendo, kuma ba ta taɓa karɓar ayaba daga manomi ba sai ta matsa ta da yatsa. Haka take yi wa mutane. Mijinta ma har ya mutu tana cewa akwai abin da bai faɗa mata ba. Tagwaye ta haifa, ɗaya ta yi aure, ɗayar, Nakato, tana ajin ƙarshe a sakandare.

A bana zarginta ya ƙaru. Masu saye sun koma magana ƙasa-ƙasa, ta ce munafunci ne. Sai kuma ga Nakato. Da ta dawo daga makaranta za ta durƙusa ta gaida uwar, ta wuce bayan rumfa, ta jingina waya da kwando, ta yi ta juya yatsu, tana taɓa haɓa, tana taɓa ƙirji, baki gum. Nalongo ta leƙa sau uku, ranta ya ɓaci. Ruwa ba ya tsami banza. Ko namiji ne a cikin wayar nan, ko 'yan asiri.

Ta ƙwace wayar ta ƙulle a bakin zani, ta aika aka kira Nabbosa, gwaggon yarinyar, don gyaran 'ya mace aikin gwaggo ne.

"Ki tafi da ita ƙauye yau," in ji Nalongo. "Karatun ya isa haka."

Nabbosa ta ɗaga murya ta ce, "Uwar biyu, ke ko inuwarki ba ki yarda da ita ba. Kawo wayar mu gani."

Aka buɗe. Wata mata ce ke koyar da maganar kurame, tana yin alama ana rubuta ma'anar a ƙasa: ruwa, abinci, ina ke miki ciwo.

"Kurame?" in ji Nabbosa. "Wane kurma kika sani, 'yar nan?"

Nakato tana durƙushe, kanta a ƙasa, ta ce, "Gwaggo, jiya sau biyar na kira Mama ina tsaye a bayanta. Ranar da kunnenta ya tafi gaba ɗaya, da me zan yi mata magana?"

Tausayi ya kama Nabbosa, ta kau da kai. Nalongo ta dubi bakin 'yarta, ta dubi gwaggon.

"Kin gani ko? A gabana ma ƙus-ƙus take yi. Me ta ce?"